Rumbunan da Ban Leƙa Ba

Tun da rediyo ta fara maganar nan ta ɗumamar duniya, wai har teku ya yi zafi kifi yana ƙaura, 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya a Bagwai suka sa ni gaba. Da an taɓo zancen sai a juyo kaina: "Malam Idi, kai da ka je ka gani da idonka, ba mu labari." In ba su guntu yau, gobe su nemi wani guntun, jibi wani ya kai labarin kasuwa ya dawo da shi ya yi ƙiba. Har na ji an ce wai wata uku na yi a cikin jirgin ruwa. Ni kuwa ban taɓa wuce inda ruwa ya kawo mini gwiwa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta.

Shekara ta biyu ce ta babban fari, lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai. Ruwan shuka ya zo a makare, muka shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya sake ɗaukewa. Shuka ta uku ta kai gwiwa, daga nan ta tsaya tana kallonmu muna kallonta har ta ƙone. Hadari yakan haɗo da la'asar, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, sai ya watse ba ko ɗigo. Tsofaffi suka ce iskar damina ce ba ta zo ba, wadda ke fitowa daga kudu maso yamma mai sanyi-sanyi, wadda in ta buso za ka ji gishirin cikin kwano ya yi laushi. A shekarar gishirinmu garau yake har tsakiyar damina.

Mu goma sha ɗaya ne a gidan har da matata, gonar kirki kuwa ɗaya ce, ta bakin rafi, wadda Baba ya gada wurin mahaifinsa. Wanda ya san ƙasarmu ya san gona na jikin gona ne tun daga nan har Kano, babu dajin da mutum zai je ya sare. In ka sayar, ka sayar ke nan. Alhaji Sule mai hatsi kuwa a shekarar gonaki yake saye, sau biyu yana zuwa zaurenmu ya gaishe da Baba, gaisuwar da kowa ya san inda ta dosa.

Ina da wa, Haruna, shekararsa shida a Gana yana sayen bandar kifi a bakin teku yana aikawa arewa. Shekara guda kafin nan ya aiko da wasiƙa, ya ce kifi ya yi yawa har ana haƙa rami ana binne wanda aka kasa gasawa. A ƙarshe ya rubuta: "Ku taho gaba ɗaya, teku bai san fari ba." Ni ke karanta wa Baba ita, don ni kaɗai na yi boko a gidan, aji huɗu. Na karanta ta har takardar ta yage a wajen ninki.

Ranar da Baba ya dawo daga duba shuka ta uku, ya kira ni zaure. Ya ce, "Kai kana da ido, kana da alƙalami. Je ka dubo mana. In ka ga wurin zama ne, ka aiko mini da takarda in sallama wa Alhaji Sule gonar, mu yi guzuri mu taho. In ba haka ba ne, mu zauna a kan abinmu, abin da Allah ya yi shi ke nan. Sai dai kada ka yi nauyin jiki, ya ce ba zai jira ni har kaka ba, masu roƙonsa ya saya suna da yawa."

Inna ta ɗaure mini ƙanzo da ƙuli-ƙuli a tsumma. Na hau motar kasuwa zuwa Kano, na shiga jirgin ƙasa mai zuwa Legas.

A jirgin na haɗu da Malam Ɗanjuma, mutumin Ungogo, falken goro, shekara ashirin yana bin hanyar. Mutum ne mai surutu, mai kirki, mai tofar da tukar goro ta taga ba tare da ya duba inda iska ke kaɗawa ba. Kafin mu kai Zariya farar rigata guda ɗaya ta yi zane. Da ya ga haka ya ba ni haƙuri, ya ba ni goro, ya ce daga yau ni ɗan ɗakinsa ne har Akra. Na karɓi duka ukun.

Bayan Kaduna ƙasa ta fara yin kore. Wajen gadar Kwara ruwa ya sauko, na gaske, mai ƙarar kwano. Duk 'yan arewan da ke taragon suka taso suka cika tagogi suna miƙa hannu waje. Wani dattijo daga wajen Daura ya tara tafinsa ya shafe fuska da gemu, ya koma ya zauna. Mutanen kudu kuma suna ta faɗa a rufe taga kayansu na jiƙewa.

A Legas muka kwana biyu a gidan mai masaukin Malam Ɗanjuma a Agege, ɗaki ɗaya mu tara da huhunan goro. Nan na fara cin teba da wata jar miya. Loma ta farko na ɗauka wani ne ya yi mini mugunta, na duba na ga kowa ci yake hankali kwance, sai na ci gaba ina share hawaye da hannun riga. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne matansu. Su ne kasuwa, su ne ɗaukar kaya, su ne faɗa da kwandasta. Wata ta ture ni da daro a tasha, ta juyo ta balbale ni da masifa da yarensu, ni na ba ta haƙuri.

Kafin mu isa iyaka ta farko, Malam Ɗanjuma ya yi mini huɗuba. Ya ce, "In mun je, ka ajiye bokon nan naka a aljihu. Duk abin da aka tambaye ka, ka washe baki ka ce ba ka ji." Na ce to. Amma da ma'aikacin ya yi mini tambaya da Turanci, na ji na gane, sai zuciya ta ɗebe ni na amsa. Ya yi murna ƙwarai da ya sami mai ilimi. Ya zaunar da ni, ya ba ni takardu uku in cika, ya tambayi sunan kakana da dalilin tafiyata da abin da ke cikin tsummana. Ƙanzon nan sai da aka kira mutum biyu suka shinshina shi. Fatake goma sha da ba su san ko bihim ba duk sun wuce suna cikin mota suna jirana, direba na ta danna ham. Sai da muka yi nisa Malam Ɗanjuma ya ce mini, "Malam, an gama jarrabawar?"

Iyaka uku muka tsallake cikin kwana biyu. A Dahome da Togo Faransanci ake yi, burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri. A hanyar ne na fara ganin teku, ta hannun hagu, tsakanin itatuwan kwakwa. Na tambayi Malam Ɗanjuma ina ɗaya gaɓar take, ya ce in na gano ta in gaya masa. Da aka tsaya sallar azahar na ce ni da ruwan teku zan yi alwala, don in ba da labari a gida. Na kurkure baki na ji abin da na ji. Ban kai ga wanke fuska ba igiyar ruwa ta zo ta tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Da ƙafa ɗaya na shiga Gana.

A zangon Akra muka rabu. Hausawa ne cike da unguwar, waɗansu kakanninsu ne suka zo, ba su taɓa ganin Kano ba amma in ka ce daga can kake sai su riƙe hannunka su ƙi saki. Malam Ɗanjuma ya sa aka nemo mini motar garin da Haruna yake, wani ƙaramin garin masunta yamma da Akra wanda har yau ban iya rubuta sunansa daidai ba. Ya ce, "Ranar Alhamis zan juya da kayana. In kana da saƙon gida, ka ba direban nan ranar Laraba da asuba ya kawo mini. Ni da ƙafata zan kai wa mahaifinka. In ka wuce Laraba, ban san mai zuwa Kano ba sai bayan wata guda."

Ranar Talata da hantsi na isa. Ban sami Haruna ba, sai matarsa Azumi, 'yar zango, ba mu taɓa ganin juna ba. Da ta ji ko ni wane ne sai ta hau ni da wasan matar wa: "A'a, wannan ne ƙanen da ake ta yi mini kurari da shi? Ai na ɗauka dogo ne. Ina ɗaya takalmin, ko haka ake yayi a Kano?" Ta ce yayana ya tafi Takoradi wata harka, sai Juma'a. Ta ba ni ruwan wanka, ta ɓace na ɗan lokaci, ta dawo ta ajiye mini dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da barkono niƙaƙƙe, da soyayyen kifi wanda ya fi tsawon tafin hannuna biyu. Rabona da in ƙoshi tun kafin azumi. Na ce ta ci, ta ce ita kifi ya gundure ta.

Da la'asar na fita zaga gari. Ana yayyafi, ko'ina kore. A bakin ruwa ga jiragen kwale-kwale manya-manya jere a kan yashi, an yi musu fenti da zane-zane, maza na zaune a gindinsu suna ɗinkin koma. Na tambayi wani mai jin Hausa me ya hana su shiga ruwa, ya ce yau Talata, ba a shiga teku ranar Talata, ranar hutunsa ce tun kakanni. Na ce a raina lallai mutanen nan sun ƙoshi, mu da ko ranar Juma'a sai mun taɓa gona kafin masallaci.

Sannan na ga abin da ya gama da ni. A bayan kowane gida akwai waɗansu gine-gine na jar ƙasa, zagayayyu, tsayinsu ya kai ƙirji, an kifa wa waɗansu jinka, waɗansu kwano. Gida ɗaya huɗu, wani shida, wani goma. Ba su da maraba da rumbunanmu. Ni kuwa ɗan manomi ne, tun ina yaro in muka shiga baƙon gari Baba ba ya kallon rigunan mutane, bayan gidajensu yake kallo ya ƙirga rumbu. Na bi layi ina ƙirgawa, na wuce ɗari biyu na gaji. Ban leƙa ko ɗaya ba. A wurinmu wanda aka yi wa tarbiyya ba ya leƙa rumbun mutum, ko na ƙanen ubansa ne. Ka ga yawansu, ka yi wa mai su fatan alheri, ka wuce.

Da na dawo na tambayi Azumi. Ta ce murhun banda ne, a ciki ake gasa kifi da hayaƙi. Na ce, "Duk waɗannan cika suke yi?" Ta ce, "Bara har ba su isa ba." Ba ta yi mini ƙarya ba. Ita mai gida ce, mai gida kuwa ba ya gaya wa baƙon da ya sauka yau cewa babu. Ni kuma baƙo ne, baƙo ba ya bin diddigi. Kowannenmu ya yi abin da aka koya masa. Daga baya na ji zanenta na fita ta kai wa wata mata jingina kafin ta samo kifin da na ci.

Kafin magariba na rubuta takardar. Har yau ina iya karanta ta da ka: "Baba, na iso lafiya. Wuri ne na zama. Ruwa har ya yi yawa, rumbunansu sun ninka na unguwarmu sau goma, abinci sai wanda ka zaɓa. A sallama gonar." Da asuba na kai wa direba, na ƙara masa da goro biyu don kada ya manta.

Ranar Laraba jirage suka shiga ruwa. Da suka fara dawowa na je kallo. Mata sun fi ɗari a tsaye da manyan darurruka. Jirgi na farko, mai mutum goma sha biyu, abin da ya sauke bai rufe gindin daro biyu ba, yawancinsa ma wani kifi ne mai taurin fata kamar ƙirgi, wanda aka ce da can zubar da shi suke yi. Mata suka yi caa a kansa har da yage-yage. Na biyu haka, na uku bai sauke komai ba. Na ce wa kaina kowace sana'a tana da ranar rashin sa'a.

Ranar Alhamis da safe ina zaune a bayan gida ina aswaki, sai ga kaza ta fito daga ƙofar wutar murhun Azumi, 'yan tsaki bakwai na bin ta. Na tsaya da aswakin a baki. Ban san teku ba, amma na san kaza. Kafin ta tara ƙwai ta kwanta ta ƙyanƙyashe, an haura wata guda. Wata guda ke nan ba a hura wuta a wurin ba, a tsakiyar lokacin da Haruna ya ce kifi ke zuwa. Na tashi na ajiye tarbiyyata a gefe na ɗaga jinkar. Yanar gizo ce a ciki. Na bi na maƙwabta ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, mata na kallona. A wani har ciyawa ta tsiro. Sai a lokacin na lura tun da na zo ban ga hayaƙi ya tashi a garin ba. A daidai wannan lokacin Malam Ɗanjuma yana ɗaure kayansa a Akra.

Na gangara bakin ruwa don ban san inda zan sa kaina ba. Can na tarar da wani mutum da gajeren wando da bokiti, ya shiga ruwa ya ɗebo, ya tsoma wani dogon ma'aunin zafi na gilashi, ya duba, ya rubuta a littafi. Sunansa Mista Mensa, ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa ke nan kowace safiya. A kusa da zangon Kumasi ya tashi, yana jin Hausa irin tasu. A gefensa wani tsohon masunci ya tsoma ƙafa ɗaya a ruwa, ya yi jim, ya girgiza kai ya juya.

Mista Mensa ya ce, "Ka gani? Ni da gilashi, shi da ƙafa, amsa ɗaya. Aboki, sa ƙafarka." Na sa. Ya ce, "Yaya?" Na ce da ɗumi, kamar ruwan wankan jariri. Ya ce, "To shi ne wahala. Wannan wata, ruwan nan sanyi yake yi har yara su ƙi wanka. Da safe hazo, ba ka ganin jirgi. Ruwa ya yi duhu, kore-kore. Yanzu duba, kana ganin yatsunka a ƙasa. Ruwa mai haske ba abinci a ciki."

Na ce ban gane ba, ruwa ai ruwa ne, ga shi nan har ba iyaka.

Ya ajiye bokitin. Ya ce, "Kai manomi ne? Duk ƙasa gona ce?" Na ce a'a, sai mai taki. Ya ce, "Yawwa. Takin teku yana can ƙasa, cikin ruwan sanyi. Lokacin damina iska tana fitowa daga can," ya nuna kudu maso yamma, "ta ture ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa ya taso da takinsa. Ƙananan abubuwa su tsiro, ido ba ya gani. Ƙananan kifi su zo ci, manya su biyo su. Wata uku. Abin da muka kama a wata ukun nan shi za mu ci shekara. Bara ya zo da yawa, muka kwashe har da 'ya'yan, wannan ma laifinmu ne. Bana ruwan sanyi bai taso ba."

Na ce, "Ashe ku ma kuna da damina."

Ya ce, "Ita ce taku. Iskar nan in ta wuce mu, ina kake tsammani take zuwa? Arewa, ɗauke da ruwanku. Bana ba ta da ƙarfi. Ba ta tayar mana da kifi ba, ba ta kai muku ruwa ba. Ta zubar da shi a hanya."

Na tambaye shi me ya rage mata ƙarfi. Ya ce shi ma'auni aka ba shi, ba a ba shi dalili ba. Amma a ganinsa iska daga wuri mai sanyi take gudu zuwa wuri mai zafi, shi ya sa take barin teku ta hau tudu. In tekun ma ya yi ɗumi, me za ta je nema a wurinmu da sauri? Ya ce littafinsa yana nuna masa shekarun ɗumi, amma ba ya gaya masa ko za su ƙaru. Abin da nake ji a rediyo yanzu shi ne wannan maganar, sai dai an sa mata manyan kalmomi, kuma sun ce ɗumin ƙaruwa yake yi. Ni dai a bakin mai bokiti na fara jin ta, kuma ban ji daɗinta ba, don tun daga Bagwai na taho ina gudun abu ɗaya, na iske shi ya riga ni isowa.

Haruna ya dawo ranar Juma'a. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, gashin tsakiyar kansa ya cinye saboda dako, ashe harkar Takoradi ke nan, ɗaukar buhuna a tashar jiragen ruwa. Ya rungume ni ya ce, "Allah ne ya kawo ka, Idi. Wata uku ina so in rubuto cewa zan dawo, kunyar wasiƙar bara ta hana ni. Me Baba ya aiko ka?" Na ce, "In duba lafiyarka." Rabin gaskiya ce, ita na iya furtawa.

Na yi lissafi a raina. Cinikin gona ba ya ƙarewa rana ɗaya, sai an kira shaidu, sai an je gaban dagaci, Baba kuma ba mai gaggawa ba ne. In muka tashi da wuri zan iya cim ma takardata. Na je gidan waya na buga wa wani malamin makaranta a Bagwai telegiram cewa ya gaya wa Baba ya dakata. Wayar ta isa bayan mun isa da kwana tara.

Haruna sai da ya kwana biyar yana shiri. Ya sayar da ragar banda da rediyonsa, ya kai Azumi gidan iyayenta a Akra kafin ya daidaita ya aiko a ɗauke ta. Kullum ina azalzalarsa, shi kuma yana yi mini dariya wai kewar matata ce ta dame ni. Da za mu rabu Azumi ta ba ni takalmin roba sabo, ta ce kada in je in ce an wulaƙanta ni a Gana.

A dawowa duk iyakar da muka zo na washe baki na ce ba na ji, ba wanda ya tsayar da ni ko na minti biyar. Jirgin ƙasa ne ya tsaya. Kwana ɗaya da barin Legas aka ce ruwa ya cinye hanya a gaba, muka yi kwana uku a wata ƙaramar tasha a cikin kurmi. Ruwa ake yi ba dare ba rana. Ina zaune ina jin sa a kan rufin tarago, na san na wane ne, na kuma san inda ya kamata ya sauka.

Haruna kuwa kwana ukun nan a zancen gonar bakin rafi ya yi su. Ya ce, "Wurin nan ko a fari ba ya rasa laima a ƙasa. Gaba biyu za mu haƙa mu sami ruwa. Mu kafa jigo, mu yi albasa da tumatir da rani, ni da kai. Na ga yadda ake lambu a wajen Akra, wallahi ba su fi mu komai ba." Har da tsinke yana zana mini fangali a ƙasan tarago. Ya ce shekara shida yana mafarkin ɗorawar nan ta kusurwar gabas. Ni dai ina cewa Allah ya sa.

Da la'asar motar kasuwa ta sauke mu a Bagwai, muka kama hanyar unguwarmu a ƙafa, shi da akwatin ƙarfe a ka. Tun daga Zariya ƙasa ta koma ja, nan kuwa ko akuya ba ta samun abin tsinka. Hanyar ta gefen gonar take bi. Muna shawo kwanar rafi sai ga shanu sun fi talatin a ciki, suna cin ƙonannen karan geronmu.

Haruna ya dire akwatin, ya fizgi kara ya yi cikinsu yana ihu. Wani Bafulatani dattijo da ke jingine da ɗorawar ya taso a hankali, ya ce, "Sannu, bawan Allah. Lafiya?"

"Shanun wa ka zuba a gonar mahaifina?"

"Na Alhaji Sule ne. Gonar ma tasa ce, yau kwana shida. Shi ya ce in kawo su."

Haruna ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Baba ba zai sayar da wurin nan ba. Ko da wuƙa a wuya."

Na ce, "Ni na rubuto masa ya sayar. Ranar da na isa, kafin ka dawo."

Ya daɗe yana kallona, karan na hannunsa. Sannan ya yar, ya dawo ya ɗauki akwatinsa da kansa, ban taya shi ba don bai ba ni fuska ba. Ya wuce gaba, na bi shi a baya har gida.

A zaure muka tarar da kaya a ɗaure, tabarmi a naɗe, tukwane an cusa musu tsumma an jera a kwando. Turken awaki ba komai. Baba na zaune a kan buzunsa. Da ya ɗaga kai ya ga wanda ya shigo, ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa bango ba, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Haruna! Da kanka ka zo ɗaukarmu? Allah ya yi maka albarka."

Haruna ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Baba ya dafa kansa, ya juyo wurina fuskarsa a sake.

"Idi, takardarka ta zo. Malam Ɗanjuma da ƙafarsa ya kawo, mutumin kirki. Na yi yadda ka ce, an gama komai a gaban dagaci. To, yaushe za mu tashi? Innarku ma ta ce a tambaye ka, ta tafi da turminta ne, ko can akwai?"

Na dubi kayan da ke ɗaure. Daga cikin gida ina jin mata sun fara guɗa.

Haruna bai ɗago ba. Ya ce, "Idi, Baba na tambayarka."